Garwashi a ƙarƙashin inji: tarihin tsimin mai a Damagaram

Kowace shekara da zarar hunturu ya kama, akwai wata magana da ke dawowa fadojin samarin Zinder, daga Birni zuwa Zango, daga Garin Malam zuwa Kara-Kara. Wai in ka ɗumama baƙin mai kafin ka tada inji da safe, motarka ko babur ɗinka ba za su sha esansi da yawa ba. Wani ya ce a tura furnon shayi da garwashinsa ƙarƙashin inji. Wani ya ce a'a, a juye man a tukunya, a ɗora bisa wuta, a mayar. In ka nemi hujja, amsa ɗaya ce: "Ai haka tsofaffin direbobi ke yi tun zamanin Nasara."

Ni ɗalibin tarihi ne, ba makanisiye ba. Amma maganar ta shafe ni, don rabin abokaina da kabu-kabu suke biyan kuɗin karatu, kuma kowace lita da ta ƙone daga aljihunsu ta fita. Shi ya sa na bi diddigin wannan magana, na karanta abin da na samu, na zauna da masu gyaran mota, na kuma tambayi kawuna wanda ya yi shekaru yana yaron mota a hanyar Agadas. Ga abin da na tarar.

Kafin mota

Damagaram ta san lissafin guzurin tafiya tun ba a san inji ba. A zamanin Sarki Tanimu, wanda mulkinsa na biyu ya kama daga 1851 zuwa 1884, Zinder zango ce babba a hanyar ayarin da ke tasowa daga Tarabulus, ya bi ta Gat da Agadas, ya sauka Kano. Shi ya ƙarfafa ganuwar Birni, a zamaninsa kuma maƙeran gari suka riƙa zuba igwa. Unguwar Zango kanta sunanta ya faɗi aikinta: nan fatake da Buzaye ke sauke kaya. Attajirai irin su Malam Yaro da wannan ciniki suka yi suna.

Abin da ya ja hankalina shi ne yadda madugu ke shirya tafiya. Ayarin gishiri mai zuwa Fashi da Bilma dole ya ɗauki ciyawar raƙuma, don Tenere babu kiwo. Wani damin a ci a tafiya, wani a ajiye a hanya saboda dawowa. Wanda ya yi kuskuren lissafi, dabbarsa ta kwanta, shi ma ya shiga uku. Wato tun wancan lokaci kakanninmu sun san cewa abin hawa yana ɗauke da abincinsa, kuma wanda ya iya tsimi shi ke isa gida.

A 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou a Zinder, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. A 1899 aka gwabza a Tirmini, Faransawa suka shiga gari. Daga 1911 zuwa 1926 Zinder ce hedkwatar mulkinsu a wannan ƙasa, kafin su maida ita Yamai. A tsakanin nan jirgin ƙasa ya iso Kano, zuwa 1912 ya fara jigila sosai. Kayan da raƙumi ke shafe watanni yana ketowa da su ta hamada sai ga su suna zuwa ta teku da dogo. Ayarin Tarabulus ya mutu, fuskar cinikin Damagaram ta juya kudu.

Motocin farko da tsadar mansu

A ƙarshen 1924 motoci takwas na kamfanin Citroën, masu taya a gaba da sarƙa a baya, suka ratsa Zinder. Sun taso daga Aljeriya a watan Oktoba, ƙarƙashin jagorancin Haardt da Audouin-Dubreuil, suka bi ta Yamai, suka nufi Tafkin Cadi. Ana yawan ba da labarin tafiyar a matsayin nasarar inji kan hamada. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne sai da aka riga aka jibge masu mai da kayan gyara a zango-zango tun kafin su taso. A ƙasar da babu godoro babu gidan mai, kowa ya san bisa me irin wannan kaya ke tafiya: raƙumi, jaki, kwalekwale da kan ɗan Adam. Mota ta shigo ƙasarmu ne a goye.

Ka tuna inda muke. Zinder na nesa da teku fiye da kilomita dubu. Duk digon esansi da baƙin mai sai ya sauka tashar jirgin ruwa, ya hau dogo zuwa Kano, sannan ya yi kusan kilomita 240 zuwa nan. Abin da ya sha wannan tafiya ba ya arha. Direban farko na Damagaram ya koyi tuƙi da tsimi rana ɗaya.

Gyaɗa ce ta cika hanyoyinmu da kamiyo. Daga shekarun 1930 noman gyaɗa ya bunƙasa a Magarya da Matamai da Mirya, motoci suka riƙa kwasar buhuna zuwa dogon Nijeriya. Bayan ƴancin kai aka kafa SONARA a 1962 don cinikinta. An kuma yi masana'antun matse mai a Matamai da Magarya.

Lokacin da aka rasa mai

A 1940 Faransa ta faɗi hannun Jamus. Nijar ta zauna ƙarƙashin gwamnatin Vichy, Nijeriya kuwa tana hannun Ingila, sai iyaka ta zama ta abokan gaba har zuwa ƙarshen 1942. Man fetur ya yi wuya a duk yankin Afirka ta Yamma da Faransa ke mulka. Aka koma dabaru biyu. Ta farko, a ɗaura wa mota wata tanda a gefe, a cika ta da gawayi ko itace, iskar da ke fita inji ya ƙona. Ta biyu, a zuba man gyaɗa a injin da ke aiki da gazuwal.

Wannan ta biyu ba sabuwa ba ce. Tun a baje kolin Paris na 1900 an nuna injin dizal yana aiki da man gyaɗa. Matsalarsa kauri: ya fi gazuwal kauri fiye da sau goma, ba ya feshi da kyau cikin inji sai an ɗumama shi ya saki. To ka ga nan wuta da mai suka fara haɗuwa a ƙwaƙwalwar direbobi. Sai dai a lura, wannan man da inji ke sha ne ake ɗumamawa. Baƙin mai aikinsa daban, shi ke hana ƙarafan inji cin junansu. A Hausa duka "mai" muke cewa, kuma ina zaton wannan kalma ɗaya ta taimaka wajen cakuɗa labaran biyu a bakin jikoki.

Abin da kawu ya gani

Kawuna ya fara bin mota a shekarun 1970, lokacin da Berliet da Marsandi mai gajeren hanci ke ɗaukar hatsi zuwa arewa ta Tanut. Na tambaye shi kai tsaye.

"Kawu, da gaske kuna hura wuta ƙarƙashin inji?"

"Ƙwarai kuwa. Ni ma da hannuna na sha yi."

"Don mota ta rage shan mai?"

Sai ya yi dariya har da tari. "Kai ɗan nan, wa ya gaya maka? Don ta tashi dai! In muka kwana a daji bayan Tanut cikin sanyin Janairu, da asuba ka zaro sandar awo, man nan ya yi kauri kamar zuma. Batir kuma ya gaji. Ka murɗa makulli, inji ya yi gurnani sau biyu ya yi shiru. Babu gari kusa, babu mai tura kamiyo cike da gero cikin rairayi. Sai maigida ya ce, yaro, kawo garwashi."

Ya ce ba harshen wuta ake sawa ba. Sai itacen ya cinye ya zama garwashi, a zuba a faifan ƙarfe, a tura daidai ƙarƙashin kaskon baƙin mai, wanda makanisiye ke kira karter. Yaron mota ya tsuguna da yashi a gefe yana tsaro, don ƙasan tsohuwar mota ba ya rasa yoyo. Ya ƙara da cewa ko sau ɗaya bai ga an yi wa motar esansi haka ba. "Gazuwal yana da haƙuri. Esansi kuwa ko ƙamshin wuta ya ji ya tashi. Wanda ya kai wa Fijo garwashi, ai sai a ce ya taɓu."

Maganarsa ta dace da yadda injin dizal yake. Ba shi da buji mai tartsatsi. Iska yake matsewa har ta yi zafi, a fesa gazuwal ya kama da kansa. In ƙarfen ya yi sanyi, man ya yi kauri, inji ba ya juyawa da saurin da zai kawo wannan zafi. Ga shi man da ake samu lokacin mai lamba ɗaya ne, irin SAE 40 ko 50, wanda aka zaɓa don zafin bazara. Da rana yana aiki lafiya, da asubar hunturu a hamada ya zama kunu.

Ba mu kaɗai ba ne

Wannan dabara ta fi tsufa a ƙasashen ƙanƙara. A hunturun 1941, sojojin Jamus da ke dab da Mosko sun riƙa hura wuta ƙarƙashin tankoki da motocinsu don su tashi. A Amurka, wani injiniya mai suna Andrew Freeman, a jihar Dakota ta Arewa, ya ƙera abin ɗumama inji da lantarki, ya sami rajistarsa a 1949. Har yau a Kanada da Finland ana jona mota da lantarki da dare.

Amma babban sauyi daga cikin man kansa ya zo. A shekarun 1950 aka fara sayar da baƙin mai mai lamba biyu, irin wanda muke gani yau an rubuta 15W-40 ko 20W-50 a jikin galan. Lambar farko mai harafin W tana nuna yadda yake gudu cikin sanyi, ta biyu kuma kaurinsa idan inji ya yi zafi. An sa masa sinadarin da ke hana shi tsinkewa da yawa in ya ɗau zafi, don haka ana iya farawa da mai marar kauri. Aikin da garwashin kawu ke yi, yanzu yana cikin galan tun daga masana'anta.

To ina gaskiyar maganar tsimi? Akwai ta, ƴar kaɗan. Inji mai sanyi ya fi cin mai, wannan ba gardama. Baƙin mai mai kauri yana riƙe ƙarafa, kuma ana ƙara wa inji esansi har sai ya ɗumama. Baƙin mai ya fi aiki daidai a wajen digiri 90 zuwa 100. Shi ya sa Toyota ta sa wa Prius ta 2004 da ta sayar a Amurka wani ɗan tanki kamar filas ɗin shayi, mai ajiye ruwan inji da zafinsa don tashin gobe. Sai dai ribar tana cikin mintunan farko ne kawai, kuma tana girma ne gwargwadon tsananin sanyi. Mutumin da ke tada mota a digiri 20 ƙasa da sifili zai ga bambanci. Mu a Zinder, sanyin da ke sa mu rufa da bargo biyu yawanci bai wuce wajen digiri 15 sama da sifili ba, kuma a Afrilu da Mayu rana na haura 40. Yawancin shekara damuwar injinmu yadda zai huce ce.

Ruwa-ruwa

Me ya sa to maganar ta ƙi mutuwa? Ina ganin amsar tana cikin tarihin farashi. An gano mai a Oloibiri ta Nijeriya a 1956, matatar Kaduna ta fara aiki a 1980, gwamnatin can kuma ta shafe shekaru tana tallafa wa farashi. Da Naira ta fara faɗuwa daga 1986, esansin Nijeriya ya zama ɓagas ga mai Sefa. Bido-bido suka riƙa ketowa ta Ɗan Barto da hanyoyin daji na Magarya, kwalabe suka jeru a bakin titi. Ƴan ruwa-ruwa suka zama gidan man talaka. Dubban samari sun ci abinci da wannan sana'a, wasu sun rasa rai a guje-guje da ƴan duwan, wasu gobara ta cinye su da ɗakunan da suke ɓoye bido. Wanda ya kalli fim ɗin Aïcha Macky na 2021 kan samarin Kara-Kara ya ga ɗan ɓangaren wannan rayuwa.

Sannan aka ce mu ma mun sami namu. A 2008 Shugaba Tandja Mamadou ya aza tubalin matatar SORAZ a wajen Bakin Birji, hanyar Tanut, wadda kawuna ya sha kwana a kanta da garwashi. Ranar 28 ga Nuwamba 2011 Shugaba Mahamadou Issoufou ya buɗe ta. An gina ta don tace ganga 20,000 a rana, ɗanyen man na zuwa ta bututu mai tsawon fiye da kilomita 460 daga Agadem a jihar Difa. Kamfanin CNPC na Sin ke da kashi 60 cikin 100, Nijar na da 40. Duk da haka, shekaru da dama litar gidan mai ta tsaya a 540 F, dala ɗari da takwas ke nan, ruwa-ruwa kuwa ta fi arha. Ga matata a bayan gida, ga mutane na sayen na Daura a kwalba.

Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Cikin kwanaki farashi a Nijeriya ya ninka kusan sau uku. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na wannan shekara aka rufe iyaka. Ruwa-ruwa ta ƙafe, kowa ya koma gidan mai, har ma man ya fara bin hanyar da ya saba zuwa amma da baya. A Yuli 2024 gwamnati ta rage lita zuwa 499 F. A Maris 2025 kuma muka ga layin motoci da babura a gidajen mai, domin matatar da aka gina lokacin da rabin gari ke shan na maƙwabta ta kasa ɗaukar nauyin kowa.

Na lura a irin waɗannan lokuta ne maganar garwashi ke ƙara ƙarfi. Idan mutum ba shi da iko kan farashi, ba shi da iko kan iyaka, sai ya nemi abin da hannunsa zai iya taɓawa. Ban ga laifin mai neman dabara ba. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Mu yi lissafi

A ce ɗan kabu-kabu na ƙona lita 3 a yini. A 499 F, kuɗin ya kama 1497 F. A ce kuma, don a kyauta wa masu wannan ra'ayi, ɗumama baƙin mai ya rage masa kashi 2 cikin 100 na duk yinin. Ribar 30 F ce, dala shida. Je ka sayo gawayin dala shida ka ga ko zai tafasa shayin farko. Kuma injin babur ƙarami ne, baƙin mansa bai wuce wajen lita ɗaya ba, cikin ƴan mintuna na tafiya ya ɗau zafi da kansa.

A ɗaya gefen sikeli ga abin da ake sawa a caca. Baƙin mai sai ya haura digiri 200 tururinsa ke kama wuta, amma esansi ko cikin ƙanƙara tururinsa na kamawa, kuma tururin ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi, daidai inda furno yake. Tankin babur na zaune bisa kan inji, tiyonsa roba ne. Motocin yanzu ƙasansu cike da roba da wayoyi. Mai dafa baƙin mai a tukunya kuwa yana ƙona gindin man, ya lalata sinadaransa, ya kwaso ƙura, sannan kafin ya gama zubawa ƙarfen inji ya shanye zafin. Babur ɗin nan kuma sau da yawa ba naka ba ne, na bashi ne ko na maigida, kuma a tsakar gida yake kwana kusa da ɗakin ƙannenka.

Makanisiyoyin da na zauna da su bakinsu ɗaya kan abin da ke rage shan mai da gaske. Ka tada inji, ka ba shi kamar rabin minti, ka tafi a hankali, don tafiya ta fi tsayuwa saurin ɗumama shi. Barin sa yana kuka minti goma a ƙofar gida ƙona kuɗi ne. Ka zuba irin man da aka rubuta wa injinka, ka yi bidanji kan lokaci, ka guji man da ba a san asalinsa ba. Ka duba iskar taya. Ka wanke ko ka sake matatar iska, musamman cikin ƙurar hunturu, don babur mai karbirato in hancinsa ya toshe esansi yake zuƙa. Ka rage fizgar totur.

Tsofaffin direbobi sun yi abin da ya dace da injinsu, da mansu, da dajin da suka kwana. In za mu gaje su, mu gaji yadda suke duba matsala kafin su kawo magani. Kuma ƴan'uwana, mutanen nan suna ƙarewa. Waɗanda suka ja kamiyon gyaɗa zuwa Kano, waɗanda suka kai hatsi arewa a yunwar 1973 da 1974, kaɗan suka rage, suna zaune a bakin tasha da ƙofar masallatai. Littattafan da muke karantawa, har da aikin André Salifou wanda jami'armu ke ɗauke da sunansa, sun ba mu sarakuna da yaƙe-yaƙe. Tarihin direba da yaron mota yana nan a baki. Ina roƙon kowane ɗan ƙungiyarmu da ke da kaka ko kawu tsohon direba ya ɗauki waya ya naɗi hirarsa kafin hunturu mai zuwa, mu haɗa su a fitowa ta gaba.